Itaciyar da ta lanƙwasa hanyar Alhaji Mamman

Rusaifa

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da asuba, Muhandis Faisal, injiniyanmu, ya tsaya ƙofar gidanmu a unguwar Rusaifa, nan Makka, da akori-kura. Faisal haifaffen unguwar Jarwal ne, kakansa ne ya zo daga Sakkwato a ƙafa. Ni kuwa shekara sha tara ina riƙe wa masu awon ƙasa sanda, gwiwoyi sun fara ƙara. Ban yi boko ba, amma na san miƙaƙƙen layi.

"Yalla ya Ammu Garba, mu je, rana ba ta jira." Ammu yake ce mini, wato baffa.

"Ni ma ban ce ta jira ni ba."

Muka sayi ful da tamis, wato wake da gurasa, na riyal bakwai. Ƙarfe shida da kwata muna shingen bincike. Aka duba iƙamata, takardar zama ke nan, aka dubi fuskata, aka maido.

Garken Alhaji Mamman

Kilomita sha takwas a kan kwalta, huɗu a kan duwatsu. Bakwai saura muka isa. Alhaji Mamman dattijo ne, mutumin Maraɗi, yana kiwon tumakin hadaya. Yana so ya buɗe hanyar tankar ruwa zuwa garkensa, sai wata farar ƙaya ta tsaya a tsakiya. Itacen da ya tsiro a cikin Harami ba a sare shi. Na waje, gatari kawai. Aikinmu mu gano ciki take ko waje. Katafila za ta zo da azahar.

"Malam Garba, kwana uku nake kallon itaciyar nan," in ji shi. "Ban zo ƙasar nan don in kwashi zunubi da tsufana ba."

Alamomin iyakar Harami biyu ne a wurin, ɗaya gabas, ɗaya yamma, takardar Faisal kuma ta ce layin miƙe yake tsakaninsu. Amma tudu ya raba su, ba ka ganin wannan daga waccan. Faisal ya kafa na'urarsa ta awo. Ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta mutu. Ya hura, ya daddanna, ya yi mata Larabci. Shiru.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Sai gobe."

"Katafila ba ta san gobe ba. Ɗauko sanduna biyu."

Kan tudu

Minti arba'in muka yi muna hawa, na zauna sau biyu. A sama na tsayar da Faisal ta gefen yamma, ni ta gabas, taku talatin tsakaninmu. Na leƙa ta kan sandarsa zuwa alamar yamma, na ce ya matsa dama. Shi kuma ya leƙa ta kan tawa zuwa alamar gabas, ya matsar da ni. Haka muka yi ta gyara juna. A karo na bakwai babu wanda ya motsa. Alama, sanda, sanda, alama, duk layi ɗaya.

Faisal ya saki baki. "Wallahi ya Ammu, wannan aikin Rumawa ne! A jami'a muka karanta. Haka suke tsallake tudu da hanya. Suna da wani gicciyen katako da dalma huɗu a bakin zare, da shi suke yanka gonaki kusurwa-kusurwa. Wa ya koya maka?"

"Ubana. Da karan dawa ya raba wa 'yan'uwansa gona a Gezawa, ya bi layin da gamba. Bai taɓa jin labarin Rumawanka ba."

Ya nace sai ya gwada nasu. Ya ɗaure itace biyu, ya rataya notuna huɗu. Iska ta taso, notunan suka shiga rawa.

"Su ma sun yi kuka da iska," in ji shi.

"To ajiye. Ido ya isa."

Gindin itaciya

Sha ɗaya da rabi muka sauko, muna kafa duwatsu a kan layin. Itaciyar ta faɗo ta ɓangaren Makka. Na auna da ƙafata: taku uku cikin Harami.

Alhaji Mamman ya dafa ta. "Ka tabbata, Malam Garba? Kewayen nan zai ci mini mita sittin."

"Alhaji, fatawa ta malamai ce. Layi nawa ne. Tana ciki."

Katafila ta zo, ta kewaya. Muka ci shinkafa da naman rago a inuwar itaciyar, ko da yake inuwar ba ta kai tabarma ba.

Gida

Biyar da minti goma ina Rusaifa, ƙafafu cikin bokitin ruwa. Washegari Faisal ya koma da wata na'ura, ya kira ni daga can. Layina ya kauce da taƙi ɗaya.

"Taƙi ɗaya ya Ammu! A kilomita guda!"

"Kai ne ka motsa sandar," na ce.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji da ya ciyar da mu. Ku na gida, in an kawo ku Makka, ba zan nuna muku manyan titunan da na riƙe wa sanda ba. Zan kai ku ku ga wata karkatacciyar hanya ta tankar ruwa. Ni na karkata ta.