Ruwan da Ke Tafasa a Cikin Sanyi

Bayan mulki ya koma hannun farar hula, Abuja ta cika da sababbin asibitoci, kowanne yana son na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin jikin mutum. Ita kuwa ba ta aiki sai da ruwan hiliyom, wani gas da ake sanyayawa har ya zama ruwa. A lokacin ina aiki a wani kamfanin gas a Idu, ni ke kula da tankunan da ake ajiye shi kafin a kai asibiti. Ina da ɗan karatu, ina kuma da bakin nuna shi.

Mai gadinmu dattijo ne ɗan Gbagyi, manomin doya, muna kiransa Baba. Wata rana ya ga farin tururi yana fita daga wuyan wani tanki, ya ce, "Oga, wannan abu tana dafuwa ne?"

Nan na samu abin da nake so. Na ce masa ruwan shayi sai ya kai digiri ɗari yake tafasa. Oksijin yana tafasa a ɗari da tamanin da uku ƙasa da sifili, naitirojin a ɗari da casa'in da shida. Shi kuwa hiliyom, a ɗari biyu da sittin da tara ƙasa da sifili yake tafasa, babu abin da ya kai shi. Na yi ta zuba, Baba yana gyaɗa kai. Cikin duk surutuna kalma ɗaya ya ɗauka: tafasa. A Hausa kuwa, abin da ya tafasa wuta ce ta ci shi. Ban tsaya na gaya masa cewa a wurin hiliyom, ƙanƙara ma wuta ce ba.

Wata Juma'a muka tafi masallaci, aka bar shi shi kaɗai, don shi ɗan coci ne. Na riga kowa dawowa. Rana tsaka, harabar tsit, kujerarsa babu kowa. Sai na ga farin hazo yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofar siton da muke ajiye tankunan, hannun ƙofar ya yi fari da raɓa kamar an ciro shi daga firji. Daga ciki kuma na ji murya.

"Oga. Oga, buɗe."

Murya ce siririya kamar ta 'yar tsana, ba ta babba ba, ba kuma ta yaro sosai ba. Kuma ta san ni. Wallahi na san hiliyom yana tsuke murya, na sha ba abokan aiki dariya da hakan. Na san yana korar iskar numfashi daga ɗaki, wanda ke ciki ba shi da lokaci. Amma ilimin nan duk ya gudu ya bar ni. Dama ana cewa sitonmu a kan tsohuwar maƙabarta aka gina shi. Na tsaya taku biyu daga ƙofar ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, muryar tana kira, tana ƙara yin ƙasa. Sai da ta yi shiru sannan na banke ƙofar.

Baba ne kwance, bokiti a gefensa. Ashe ya ji wani tanki ne yana fito, ya ɗauka zafi ne ya yi masa yawa, ya kwara masa ruwa a wuya don ya huce. Ruwan ya daskare ya toshe mafitar, tankin ya cika ya yi aman gas ta wani bakin. Ya sa hannu zai toshe, sanyi ya ƙone masa yatsu har ya kasa murɗa hannun ƙofa. Na ja shi waje, da ƙyar numfashinsa ya dawo.

Yatsu uku aka yanke masa, bai sake riƙe fartanya ba. Da na je duba shi a asibiti, na shirya jawabi a kan laifin kalmar da na yi amfani da ita. Bai bari na fara ba. Ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa, ya yi magana da muryarsa ta kullum.

"Oga, na ji lokacin da ka zo. Na ji kana karatu a bakin ƙofa. Ni kake kora?"