Wasiƙar Ɗan Ja

Wata ranar Laraba, cikin daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na dawo daga makaranta jiƙe sharkaf, na tarar da kakana Malam Audu a zauren gidanmu na Daura, da wani tsohon gwangwani a cinyarsa. Ina aji biyar a lokacin. Ya ce, "Amarya, an ce ke kika fi kowa Turanci a ajinku. Zo ki karanta min wannan." Ya warware wani ƙyalle, ya miƙo min takarda da ta yi ja don tsufa. Na duba, na sake dubawa. Ruwa ya cinye tawadar tun tuni. Abin da na iya fitarwa kawai kalmar da ke nufin uwa, sai rabin sunan wani gari.

Kakana yana cikin samarin da Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu. A rukuninsu akwai wani sajan Bature, yaro ɗanye, suna ce masa Ɗan Ja saboda kalar gashinsa. Ainihin sunansa ya gagari harshensu, suka bar shi. Ubansa makiyayin tumaki ne, shi ya sa hirarsa da Kaka ba ta wuce ta dabbobi da noma, cikin gurguwar Hausar da ya koya a bariki. Da Kaka ya ba shi labarin rijiyar Kusugu ta garinmu, sai ya ce in an gama yaƙi zai zo ya sha ruwanta kafin ya koma gida. Suna ƙetare wani kogi harsashi ya same shi a ciki. Kaka ya goye shi tun hantsi har la'asar, cikin ruwan sama da laka. Da Ɗan Ja ya ji ba zai kai ba, ya ce a sauke shi, ya zaro wasiƙar daga aljihu ya ce a kai wa mahaifiyarsa. A gindin wata bishiya suka binne shi. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kayar da Kaka, aka yi ta yawo da shi daga asibiti zuwa jirgin ruwa, har ya iso gida da takardar a jikinsa.

Duk wannan a gutsure na ji shi, ina ɓarar gyaɗa ko ina yanka wa awaki ciyawa, ko in na kai masa fura gonarsa ta hanyar Sandamu. Rabin hankalina yana ƙofar gida inda ƙawayena ke 'yar gala-gala. Manyan gidan kuwa sun gaji da zancen. Kawu Sale, wanda a shekarar ba ya fashin wa'azi, ya taɓa ce masa, "Baba, mene ne naka da wasiƙar wanda ba Musulmi ba?" Kaka ya dube shi ya ce, "Da hannunsa ya ba ni, na ce masa to. Shari'ar taku ta yafe min wannan?" Duk da haka Kawu bai taimaka ba.

Ni na kawo shawarar a kai wa hedimastanmu. Ya karɓa da fara'a, ya ce yana da aboki a Katsina da ya san hanyar ofishin jakadanci. Ya jefa ta a aljihun tebur. Kullum na tambaye shi sai ya ce in dawo mako mai zuwa. Bayan hutun ƙarshen shekara muka tarar an yi masa canjin wurin aiki. Na roƙi sabon ya buɗe min aljihun, babu komai ciki sai guntayen alli.

Kowace Juma'a, in Kaka ya dawo daga masallaci, sai ya kira ni: "Amarya, an ji daga Ingila?" Ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi ya sake tambaya, na ce masa an aika, ta isa. Ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi. Na fita bayan rumbu na yi ta kuka, haushin hedimasta da na Kawu da na kaina duk sun cika min ƙirji.

Yanzu ni ma malamar makaranta ce, kuma wayar da ke hannuna tana iya nemo mutum ko a wace ƙasa yake. Na sha zama in buɗe ta, in rasa abin da zan rubuta. Ban tambayi Kaka sunan kogin ba, ban tambayi lambar rukuninsu ba, ko rabin sunan garin nan ban kwafa a littafina ba. Shekara hamsin da ɗoriya ya riƙe amanar nan, a hannuna ko shekara ba ta yi ba.