Ƙwallon Dabinon Da Ya Je Yaƙi

Idan sanyi ya fara ja da baya, dabinon da ke tsakar gidanmu na gado a Limawa yakan fitar da fure, gidan ya cika da wani ƙamshi kamar na ƙullun da ya kwana. Da na shaƙe shi sai in tuna Kaka, in tuna wata baƙuwa da ta zo mana daga Amurka. Ku yi haƙuri da ni, sai da na yaye ɗana na biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas aka ce an kawo Baturiya za ta koyar a firamare, kuma a ɗakin da ke jikin gidanmu za ta sauka. Muka fita kallo, sai ga mace baƙa, har ta fi ni duhu. Kaka ta dube ta sama da ƙasa, ta ce wannan ai tamu ce, ɗauke kakanninta aka yi. Daga ranar Hausa take zuba mata ba sassauci, don a ganinta Malama ba koyo take yi ba, tunowa take yi. In ta faɗi kalma daidai, sai Kaka ta tafa hannu: "Kun ji ko? Ta fara dawo mata."

Da bakinta ya buɗe, ta nuna mana hoton mahaifiyarta riƙe da wani ɗan kati. Ta ce tsohuwar ta haura hamsin, amma sai kwanan nan ta fara jefa ƙuri'a. A yankinsu, in baƙin mutum ya je a rubuta sunansa a rajistar zaɓe, sai a miƙa masa takarda mai wuya a ce ya karanta, ya gama a ce ya faɗi. Sau uku aka kori mahaifiyarta, alhali ita ke koya wa yara karatu. Sai da mutane suka yi ta tattaki a kan tituna, ana dukansu ana sakar musu karnuka, kafin a canza doka. Kaka ba ta san ƙuri'a ba, lokacin matan garinmu ba sa yin ta. Amma karnukan sun tsaya mata a rai. Ta daɗe tana cewa, "Kare? A kan ɗan Adam?"

Cikin bazara wasiƙa ta zo a motar Kano. An kira ƙanin Malama, autansu, aikin soja, ba da sonsa ba, an tura shi yaƙin Biyetnam. Ta ce ƙasar da sai jiya ta yarda uwarsa mutum ce, yau tana son jininsa. Ta ce samarin can sun cika tituna suna cewa a daina yaƙin, amma ba a daina ba.

Kaka tana da wata al'ada tata. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa, takan ba shi dabino bakwai, ta ce ya ci ya dawo mata da ƙwallayen. Haka ta yi wa Kakanmu da zai tafi Makka a ƙafa, kuma ya dawo da su a aljihu. Ta zauna ta ɗinke bakwai a cikin ƙyalle, ta ce a aika wa yaron.

Babana, wanda malamin allo ne, ya yi murmushi ya ce, "Inna, wannan fa ba Haɗeja ba ce."

"Ko ina ne. Ya dai san akwai mai jiran ajiyarta."

Aka aika. Shi ma Baba bai fasa sa yaron a addu'a ba.

Daga nan wasiƙu suka ɗauke. Ruwa ya sauka, duwatsun garin suka yi kore, gero ya yi kai, shiru. Mu ma namu yaƙin basasar ya tashi, aka ce za a kwashe baƙi 'yan ƙasar waje. Malama ta rame har wuyanta ya fito. Wata rana Kaka ta ce mata ƙwallo yana hanya, sai ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi ba: "Kaka, bindiga ba ta san dabino ba!" Kaka ta miƙe. Ta dama fura ta ajiye a gabanta, ta zauna har ta shanye.

Ana saura mako guda Malama ta tafi, da hantsi, muna sheƙar gero, aka kawo ambulan mai ɗan tudu a gefe. Nan take ta yage shi. Wani abu ya faɗo cikin faifan Kaka, ƙwas. Ƙwallo ɗaya. Wasiƙar ta ce yaron yana asibiti, an yanke masa ƙafa daga gwiwa, amma gida za a mayar da shi.

Kaka ta juya ƙwallon a tafinta ta ce, "Sauran shidan fa?"

Malama tana kuka tana dariya ta ce abokansa ya raba wa.

"To, su ma Allah Ya dawo da su da nawa."

A ranar ta shuka shi a bakin rijiya.

Malama ta tafi, wasiƙa biyu muka samu, shi ke nan. Ban sani ba ko tana raye. Amma ranar da na fara karanta sunana da kaina a katin zaɓe, mahaifiyarta ce ta faɗo min a rai, matar da ban taɓa gani ba sai a hoto.

Dabinon kuwa namiji ya fito, bai taɓa yin 'ya'ya ba. Da na dawo gidan bayan rasuwar maigidana, babban ɗana ya so a sare shi a fitar da shago. Na ce masa ya bari tukuna, ya duba su wa ke sallama duk shekara. Masu dabino ne, har daga Kiyawa, suna yankar furensa su ɗaura a nasu don su haihu.

Jiya ma wani ya zo. Na ce ya hau ya yanka, amma in nasa ya nuna ya kawo min bakwai. Jikata za ta tafi jami'a a Kafin Hausa. Na san ba nisa, da rana ma za ta iya dawowa. Duk da haka zan ɗinke mata.