Ibrah Mai Agogo da Zaren Gilashi

A Filinge har yau Ibrah Mai Agogo ake kiransa, ko da yake rabonsa da buɗe cikin agogo an haura shekara goma. Dogo ne siriri, da ɗan rankwafawa irin ta wanda ya daɗe duƙe a kan tebur. In kuka gaisa, yakan fara duban yatsunka kafin ya dubi fuskarka. Ba raini ba ne, sabo ne kawai.

An haife shi a wani ƙauye na Tondikandiya, gidan manoman gero. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, jarrabawa ta ƙi shi, sai kawunsa ya kai shi Yamai wurin wani mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Shekara bakwai ya yi a can. Yakan ce wata ukun farko ba a bar shi ya taɓa komai ba sai sabulu, don maigidan ba ya yarda hannu mai maiƙo ya kusanci teburinsa. Da ya ƙware ya dawo Filinge, ya auri Basiratu, ya kafa tebur a inuwar wani itacen bedi kusa da tasha. Malaman lakwal da 'yan kasuwa duk wurinsa suke zuwa. Ranar kasuwa kuwa makiyaya ne ke cika masa benci, wasunsu ba su damu agogon ya faɗi lokaci daidai ba, su dai ya yi ƙyalli kuma a ji motsinsa a kunne.

Sai salula ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Ibrah ya gwada gyaran waya na ɗan lokaci, bai ji daɗinsa ba.

“Wanga ba gyara ba ne,” ya ce wa Basiratu. “Ka cire ka yar, ka sa sabo. Ina gwanintar take?”

“To Malam, gwanintar za mu dafa?” ta ce.

Ya koma gona da damina, da rani kuma ya zauna a teburinsa yana ɗaure ƙafar tabarau, yana gyara tocila da zip ɗin jaka. Haka shekaru suka yi ta wucewa, har lokacin da wani kamfanin sadarwa ya zo yana haƙa dogon rami a gefen hanya, ana binne kabul mai launin ruwan lemu. Mutane suka ce wai fibar ce, wai haske ke gudu a ciki. Ibrah ya ji, bai yarda ba, bai kuma musa ba.

Wata safiya wata mata ta tsaya a gaban teburinsa, da hular kwano a kan ɗankwali. Sunanta Ummul, injiniya ce daga Yamai, ita ke shugabantar masu haɗa kabul ɗin. Ta ajiye masa wani ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana, ta ce abin yanka zaren cikin kabul ne, ya faɗi, wuƙarsa ta goce, kuma kafin wani ya iso daga Yamai aikin kwana huɗu zai tsaya.

“Baba, an ce mini kai kaɗai ke da ido da haƙurin wanga aiki.”

Ibrah ya wanke hannu, ya maƙala ɗan gilashinsa na gyaran agogo a ido, ya ɗauko hantsaki. Kafin a kira azahar ya mayar da wuƙar mazauninta. Da ta tambaye shi ladansa, sai ya ce shi dai a nuna masa zaren da ake yankawa.

Ta kai shi wurin aikin. Ta feƙe wani kabul, ta zaro masa zaren gilashi da bai fi gashin kai kauri ba, ta ce hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa ta fi haka sirantaka nesa ba kusa ba. Ibrah ya karɓa yana juya shi. Can ya hango wani kabul da ke fitowa daga cikin na'ura, ya ɗauka ya nufi idonsa da shi don ya ga hasken da ake faɗi. Ummul ta kaɗe masa hannu da ƙarfi har gilashinsa ya faɗi ƙasa.

“Baba, ka yi haƙuri! Wanga haske ba a ganinai, amma yana ƙona ido. Kar ka sake leƙa zare mai rai, ko da wasa.”

Ma'aikata suka zuba ido, suna jiran dattijo ya yi fushi. Shi kuwa ya duƙa ya ɗauki gilashinsa, ya hure shi, ya ce, “Ɗiyata, rabona da a buge mini hannu tun ina Yamai. Ashe da sauran karatu.” Kowa ya fashe da dariya.

Ta ɗauke shi aiki a wannan makon. Bayan wata biyu ta sa sunansa cikin waɗanda za a tura horo na mako shida. Yana da shekara hamsin da ɗoriya, ya girmi malamin da ke koyar da su. Faransancinsa na aji shida ya sha wuya, rabin abin da ake rubutawa a allo wuce shi yake yi. Amma da aka zo aikin hannu, a feƙe zare, a goge, a yanke, a sa a injin da ke narka baki biyu su zama ɗaya, babu wanda ya kama ƙafarsa. Samarin ajin suna gama haɗi uku yana kan na farko, sai dai in an auna, nasa ne ba ya zubar da haske.

Ya dawo da abubuwa biyu da suka tsaya masa a rai, ya zauna yana yi wa Basiratu bayani tana tankaɗe gari. Na farko shi ne komowar haske. Ya ce in ka haska tocila a madubi kai tsaye, hasken idonka zai dawo, amma in ka ɗan karkata madubin sai ya wuce gefe. Haka bakin zare yake. In an yanke shi a miƙe, ko aka bar ɗan sarari tsakanin baki biyu, wani hasken yakan juyo ya koma wa fitilar da ta aiko shi, ya rikita ta. Shi ya sa ake goge wasu bakunan a karkace, ana sa musu kai kore, masu miƙaƙƙen baki kuma kai shuɗi, kuma ba a haɗa kore da shuɗi. Na biyu shi ne abin da malamin ya kira diyafoni, wato hasken wata hanya ya yoyo cikin wata.

“Awa rediyo in tasha biyu sunka hau juna,” in ji Basiratu.

“Shi ke nan! Ke ya kamata a tura Yamai.”

Aka ba shi kula da ɗan ɗakin na'urorin kamfanin a Filinge, shi da wani teknisiyan mai suna Manzo, magidanci mai fara'a wanda ba a raba aljihunsa da ƙunshin kilishi. A ɗakin akwai wani akwati da ake kira komitatar. Aikinsa shi ne in babbar hanyar haske ta yanke, ya juya hasken zuwa hanyar ko-ta-kwana cikin ƙiftawar ido.

A shekararsa ta biyu rezo, wato sabis ɗin waya, ya fara tuntuɓe. Ba ya yankewa gaba ɗaya, sai dai kira ya riƙa sarƙewa, hoto ya tsaya rabi. Mutanen gari kuwa sun riga sun yanke cewa rezon na Ibrah ne. A masallaci, a wurin suna, a wurin mai nama, ko'ina sai an tare shi. Wata tsohuwa ta riƙe masa riga a kasuwa ta ce muryar ɗanta da ke birnin Kwatano tana zuwa mata guntu-guntu, ya gaya mata inda yake ajiye sauran.

Aka turo mutane daga Yamai har sau biyu. Suka duba allon kwamfuta, suka ce komitatar ce ta lalace, tana zubar da haske daga hanya zuwa hanya, sai an sake ta, sabuwa kuma sai bayan wata biyu. Ibrah ya jira suka gama. Da suka tafi ya kira Ummul.

“Ɗiyata, ban musa musu ba. Amma ba wanda ya dubi bakin zare ko ɗaya. Ki ba ni safiya guda.”

Ta ce ba zai taɓa komai ba sai tana wurin. Ranar Talata ta iso da hantsi da na'urar awo. Suka karkatar da zirga-zirgar zuwa hanya ɗaya, suka kashe fitilar ɗayar, Ibrah ya wanke hannu ya fara cire kawunan zare ɗaya bayan ɗaya yana sa su a na'urar da ke ƙara wa bakin girma a allo. Na farko lafiya lau. Na biyu ma haka. Na uku ya fito da wani shafi kamar taswira, an ga zanen yatsa sarai.

Ibrah ya juya ya dubi Manzo. Manzo ya dubi rufi.

“Wallahi Baba, gogewa na yi.”

“Da mi?”

“Da babban yatsa.”

“Kafin kilishi ko bayan kilishi?”

Ummul ta juya baya tana dariya har kafaɗunta na rawa. Ibrah ya goge bakin da ruwan alkol da ƙyallen da aka tanada, ya sake dubawa, ya mayar. Suka sami irinsa guda huɗu. Daga nan ya durƙusa ya leƙa bayan akwatin, inda ba kowa ke son kai wuyansa ba, sai ga kai shuɗi a cuse cikin gurbin kore. Wannan ba laifin Manzo ba ne, tun ranar da aka kafa akwatin yake, wataƙila kore ne ya ƙare wa masu aikin suka sa abin da ke hannu. Baki miƙaƙƙe ya haɗu da karkatacce, sarari ya rage a tsakani, haske yana ta dawowa. Ibrah ya yanke shuɗin, ya haɗa kore a madadinsa.

Abu na ƙarshe shi ya fi ba su mamaki. Akwai ƙofofi biyu na komitatar da ba a amfani da su, an bar su buɗe ba murfi. Ɗaya fanko ce, ɗayar kuwa zanzaro ya same ta ya yi gini a bakinta, ya liƙe da laka tsaf. Ibrah ya ɗauki kusan rabin awa yana ɓamɓare ginin da hantsaki don kada ko ƙwayar ƙasa ta faɗa ciki. Ummul ta ɗauko wasu 'yan marufai masu shanye haske ta toshe ƙofofin biyu, ta ce ƙofar da aka bari haka nan ita ma madubi ce, hasken da ya ɓata ya isa can sai ya juyo ya shiga hanyar da ba tasa ba.

Da suka gama ɗaya hanyar ma, ta sake aunawa. Komowar haske ta faɗi ƙasa warwas. Yoyon da ke tsakanin hanyoyin ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba.

“Baba, mutanen Yamai ma suna da tasu gaskiyar. Akwai saura a cikin akwatin kansa.”

“To a buɗe shi.”

“Ba a buɗewa. A rufe ya zo, a rufe zai koma.”

Ibrah ya daɗe yana kallon akwatin, hantsaki a hannu, kamar mai azumi a gaban kwanon fura. Ya haƙura dai. Tun daga yammacin ranar rezo ya daidaita yadda mutane suka daina tare shi, sabuwar komitatar kuma ta iso bayan wata uku, ba biyu ba. Ummul ta rubuta rahoto ta sa sunansa a ciki. Daga baya aka aiko da takarda zuwa duk ɗakunan na'urorin kamfanin cewa kada a sake cusa bakin zare sai an duba shi a allo. Manzo da kansa ya liƙa takardar a ƙofa, ya sayo buta da sabulu ya ajiye a waje.

Yanzu Ibrah ya doshi sittin. Idonsa ya fara neman tabarau mai kauri, Basiratu kuma ta fara yi masa zancen hutu, yana jin ta yana cewa sai baɗi. Ranar Alhamis yakan hau babur ya bi layin kabul ta wajen garin Damana, yana tsayawa a rugage ana ba shi nono. Ya raba wa makiyaya lambarsa, ya roƙe su in sun ga ruwa ya tone kabul su kira shi kafin shanu su bi ta kai.

A daminar bara wani makiyayi mai suna Hamma ya kira shi da sassafe, ya ce ƙorama ta yaye ƙasa, ga abin nan mai ruwan lemu a fili kamar tsawon igiyar guga biyu. Kafin Ibrah ya isa rana ta ɗaga. Ya tarar Hamma ya sare ƙaya ya kewaye wurin, ya kora garkensa can nesa, shi kuma yana zaune kan dutse da sandarsa yana gadi.

“Ban taɓa shi ba,” in ji Hamma. “Amma na sa kunne, ban ji kowa na magana ciki ba.”

“Suna ciki,” Ibrah ya ce, yana kwance shebur daga bayan babur. “Kama mini nan mu rufe su.”