Ranar da Na Koyar da Tarihin Nijar

Wautata ita ce na ɗauka duk wanda ya yi shekaru yana kai wake da goro Maraɗi ya san tarihin Nijar. Ni da firamare ma ban ƙare ba.

Jikanyata, wadda nake kira amarya, tana sakandare nan Sabon Birni. Aka ce za a tsamo ɗalibai zuwa gasar tarihi a Isa, kan ƙasashen da Faransa ta mulka. Yarinyar ta ƙwallafa rai a kan tafiyar, ko tuwo ba ta ci sai da littafi a cinya. Na sa ta karanta mini. Senegal, Senegal, sai wasu sunaye masu karya haƙori. Maraɗi da ke bayan gidanmu, layi biyu. Tsibiri, inda rabin danginmu Gobirawa suke, ko ambato babu. Raina ya ɓaci. Na ce ta ajiye takardar, angonta ya fi ta sani.

Kwana da kwanaki ina zuba mata: yadda jandarma ke bugun mutane, yadda wani Bature ya ja iyaka da igiya ya raba gonar mutum biyu, yadda duwan, 'yan kwastan ɗinsu, ke shinshinar buhu. Wasu na gani, wasu a teburin mai shayi na kasuwar Bafarawa na tsinto, wasu kuma, Allah Ya yafe mini, a bakina suka tsiro. Ta haddace tsaf, ta rubuta a gwajin tsamo ɗaliban. Ba a ɗauke ta ba.

Na saɓa babbar riga na tafi makarantar da niyyar faɗa. Malamin, yaro mai ladabi, ya ba ni kujera. Ya ce shi ma littafin bai gamsar da shi ba, kuma bai taɓa tsallaka iyaka ba, amma daga ciki ake fitar da tambaya. Sai ya tambaye ni wace shekara aka ja igiyar, wane Bature ne. Na yi ta gyaran hula.

Da na dawo na tarar da ita tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Na soma zagin masu rubuta littafi.

Ta ce, "Ango, duk zuwan da kay yi Nijar, mi kat taɓa tambayar tsoffinsu ban da ko wake ya tashi?"