Ranar da Ordinatata Ta Zauna Cikin Masakin Gero

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Magaria babu wanda ya kai ni sanin na'ura, wani abu ya same ni a wani ƙauye kusa da Guci, wanda har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Lokacin ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu da fotokopi, kuma na mallaki wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, ta ɗauka a hannu da wani ɗan'uwanmu ya kawo mini daga Kano. Ta sha jiki, haruffa biyu sun ɓalle, batirinta ba ya kai rabin awa. Amma wallahi in na rataya jakarta na fito, yadda nake taku sai ka ce minista ne ya zo rangadi.

Abokina tun na lakwal, wato makarantar boko, mawaƙi ne. Allah ya ba shi murya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ni nake haɗa masa kiɗa a ordinata, shi kuma ya ɗora waƙa a kai. Matsalar ɗaya ce, mahaifinsa. Tsohon makaɗin noma ne, daga Guci har Dungas ba a shirya gayya ba a tura masa goro ba. Burinsa ɗansa ya gaji ganga, sai ga ɗa ya ɓige da abin da tsohon yake kira "kiɗan da ba a yi masa gumi ba". Ba su yi faɗa ba, amma tsakaninsu daga gaisuwa sai gaisuwa, kuma abin yana cin abokina ƙwarai. Ya sha gaya mini cewa duk tafin da ake yi masa a gari ba ya jin daɗinsa, tunda Baba bai taɓa zama ya saurare shi ba.

Ana nan sai aka sa ranar auren ƙanwarsa, autar gidan. Ita ta tsaya kai da fata cewa ba ta son komai a bikinta illa ta ga Baba da yayanta sun yi wasa tare. Tsoho ba ya iya ce mata a'a. Sai ya kira abokina ya ce, "Waƙa ɗaya. In abin naka ya iya bin gangata daga farko har ƙarshe, je ka yi sana'arka, na sa maka albarka. In ya kasa, ka ajiye shi ka zo ka ɗauki gula."

Abokina ya zo ya kwashe labari ya gaya mini. Na buga ƙirji na ce, "Kai dai ka gyara murya. Inji ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Baban ne ma nake tausayi." Mun roƙa a yi gwaji ko sau ɗaya ne, tsoho ya aiko mana cewa tun kafin a haife mu yake kiɗa, gwajin me zai yi da yara?

Ranar ta zo, bayan kaka ne, rumbuna cike, kowa fuska a sake. Aka ce wasa bayan la'asar, kuma dole a tashi kafin magariba saboda za a kai amarya Dantchiao. Muka yi hayar sono: gurup mai ba da wuta, mikoro biyu, da bafil biyu, manyan akwatunan nan masu fitar da sauti. Mahaifiyata ma ta zo, domin ita da uwar amarya ƙawaye ne tun suna ƴanmata.

A nan na tafka kurakurai biyu, kuma duka biyun a lokacin gani nake dabara ce. Na farko, teburan gidan duk an kwashe an jera abinci, sai na ɗora ordinata a kan babban bafil. In faɗi gaskiya, ko da akwai tebur can zan ɗora ta, don daga nan ne ƴanmatan amarya za su fi ganina ina danne-danne. Na biyu kuwa ladabi ne ya ja mini. Na ga ba zai yiwu muryar ɗa ta ɗara gangar ubansa ba a gaban jama'a, ai rashin kunya ne. Sai na kafa mikoro a bakin gangar Baba, na murɗa nasa har ƙarshe, na bar na abokina a tsakiya.

Fili ya cika maƙil. Maza ta nan, mata ta can, amarya a tsakiyar ƙawayenta an lulluɓe ta. Baba ya fito da gangarsa, wata uwar ganga mai layu rataye a jikinta, ya tsaya bai ko kalli inda nake ba. Na danna. Kiɗa ya tashi lafiya lau, abokina ya ɗauki baiti na farko, mata suka fara rangaɗa guɗa. Na gyara hula.

Sai Baba ya ɗaga gula ya sauke. Dim!

Jama'a, ordinata ta ɗauke ɗif. Kamar an toshe mata baki. Can sai ta dawo, amma ta dawo a makare, abokina ya riga ya wuce ta. Ya ja baya ya kamo ta, Baba ya sake saukewa, dim, dim, ta sake yin shiru. Wani daga cikin samari ya ɗaga murya ya ce, "Ganga ta shaƙe inji!" Fili ya kwashe da dariya.

Na ɗaga hannu na ce a yi haƙuri, matsalar wuta ce. Na je na balbale mai gurup da faɗa, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Ya ce, "Malam, ga fitila nan ko ƙyaftawa ba ta yi ba." Na dawo na canza waya. Na kashe ordinata na kunna, kuma kun san tsohuwar na'ura, kafin ta farka sai ka sha shayi ka wanke kofi. Aka sake farawa. In ita kaɗai ce sai ta yi ta tafiya sumul, Baba na taɓa ganga sai ta sume. Sau uku ana haka.

Nan fa magana ta canza. Wata tsohuwa ta ce ai dama ba a haɗa gangar nan da komai, layun jikinta ba na ado ba ne. Wani ya ce a tofa wa injin addu'a. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga har baya, ƴanmatan da nake so su gan ni sun gan ni ɗin sosai. Na dubi abokina, ya riƙe mikoro ya sunkuyar da kai. Amarya ta ɗaga mayafi tana kallon mahaifinta. Rana kuma ta fara yin ja a kan rumbuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba bai yi dariya ba. Na ɗauka zai yi murnar ya ci nasara, sai na ga fuskarsa ta yi nauyi. Ya kai hannu ya fara zare igiyar ganga daga kafaɗarsa, ya ce a hankali, "To, an gwada."

Sai na ji an ja mini riga ta baya. Na juya, mahaifiyata ce, ta ratso maza ta zo har inda nake.

Na ce, "Inna, don Allah ki koma, wannan ba aikinku ba ne."

Ta ce, "Rufe mini baki. Kofin nan a ina ka ajiye shi?"

Akwai wani kofin ruwa da na ɗora kusa da ordinata tun farko. Na ce, "A tsakiya."

Ta ce, "To dube shi yanzu."

Na duba. Kofi ya yi tafiya har bakin bafil, saura kaɗan ya faɗo. Ta ce, "Tun ɗazu nake kallonsa, duk bugu ɗaya sai ya matsa. Abin da ya sa kofi tafiya, ita wannan aba taka da ke zaune a wurin me kake tsammani yana yi wa hanjinta?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na sani sarai cewa a cikin irin waɗannan tsofaffin ordinatoci akwai wani faifai da ke juyawa, da ɗan hannu mai karanta shi, kuma in an girgiza su sai hannun ya janye don kada ya karce faifan. Ni da bakina na sha yi wa mutane wannan bayani a shago, ina hura hanci. Amma ga shi na ɗora ta a kan akwatin da ke rawa, na kuma ƙure wa ganga sauti da hannuna.

Ita Inna sana'arta da damina kai ƙwan zabi kasuwar Dungas, a kan babur ɗin kabu-kabu, a hanyar nan da ko mutum sai ya riƙe cikinsa, kuma da wuya ka ji ƙwanta ya fashe. Ta juya ta ce wa Baba, "Malam, ka yi wa Allah ka mai da igiyar nan. Ba mu ɗan lokaci kaɗan." Ba ta jira amsarsa ba ta shige cikin gida. Sai ga ta da wani babban masaki cike da gero, da faifan kaba a hannu. Ta dire shi a kan yashi nesa da bafil, ta murza gindinsa ya zauna, ta nutsa faifan a kan geron, ta ce, "Ɗora ta."

Na ce, "Inna, a cikin ƙwarya? A gaban mutane?"

Ta ce, "Au, kunyar ƙwarya kake ji? Wadda ka sha tun ɗazu fa?"

Na ɗora. Aka ƙara mini waya ta kai. Minista guda ya durƙusa a ƙasa gaban masaki kamar mai jiran a auna masa tiya. Mata suna ta ƙyaƙyata dariya, wata ta ce a kawo nono a dama mata fura tunda ta zauna. Na je wajen Baba na rusuna na ce ina neman izini in ɗan ja mikoro baya daga gangarsa. Ya harare ni ya ce, "Wa ya ce maka gangata tana neman taimako? Ana jin ta daga gona uku. Ɗauke abinka gaba ɗaya." Ashe ladabin nawa ma zagi ne.

Na yi bismilla na danna. Kiɗa ya tashi, abokina ya shiga. Baba ya ɗaga gula, ni kuwa na runtse ido. Dim! Ordinata ta ci gaba. Dim, dim, dim! Ko gezau. Na buɗe ido na ga Baba ya ɗan karkata kai yana saurare, sai ya ƙara wuta, ya shiga jefa mata irin kiɗan da yake tayar da manoma da shi in rana ta take. Da gangan yake yi, so yake ya ga iyakarta. Tana nan zaune cikin geronta tana aikinta.

Daga nan muryar abokina ta buɗe. Ashe a baiti na uku ya saka kirarin da mahaifinsa yake yi wa manoma tun shi abokin nawa yana goye, ya juya shi ya mai da shi kan ƙanwarsa. Ko ni da na haɗa kiɗan ban san ya shirya haka ba. Da Baba ya ji, sai ya daina faɗa da inji, ya koma bin ɗansa. In yaro ya ja baiti, tsoho ya amsa masa da ganga. Kai, jama'a, fili ya rikice! Tsofaffin da suka ce gwiwa ta hana su tashi sai ga su a tsakiya. Amarya ta yar da mayafi ta taso tana kuka tana dariya. Mahaifiyata da uwar amarya suka riƙe hannu suna juyi kamar ƴanmata. Ni ma ina durƙushe gaban masaki ina rawa da kafaɗa, hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gan ni ba. Waƙa ɗaya aka yi alkawari, sai da aka yi uku, ladan ne ya raba mu.

Da aka tashi, Baba ya tako har inda nake, ya tsaya yana kallon ordinata a cikin masaki. Ya ce wa mahaifiyata, "Ashe ita ma sai da gero take aiki, kamar mu." Sannan ya juya ga ɗansa. Duk muna jiran maganar albarka. Ya gyara igiyar ganga a kafaɗa ya ce, "Jibi ina da biki a Dungas. Ka zo da wuri." Ya yi taku biyu ya waiwayo. "Ku taho da geron."

Abokina ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

Yau na canza ordinata, sababbin ba su da faifan nan mai juyawa, kuma na koyi darasina: ba na ɗora na'ura a kan bafil ko a kan duk abin da ke rawa, ina sa mata abu mai laushi a ƙasa, ina kuma gwada ta da cikakken sauti kafin mutane su taru. Na kuma daina ce wa kowa wannan ba aikinsa ba ne, musamman wadda ta haife ni. Har yanzu in na fara cika baki a gida sai Inna ta ce, "A kawo masaki ne?"

Shi kuwa abokina ya yi suna, ana gayyatarsa har ƙetaren iyaka. Baba ya tsufa, bai cika fita ba, amma duk ranar da zai raka ɗansa wasa, shi da kansa yake shiga rumbu ya ɗebo gero ya cika masaki. Mun sha gaya masa cewa sabuwar na'urar ba ta buƙata. Sai ya ce mu dai ɗauka, shi ya san abin da ya sulhunta shi da ɗansa.