Malam Ya Riga Mu Gaida Hanya

Wace rana ce mijina Malam ya fita daga gidan nan ban sani ba? Na tambayi kaina, na tambayi mutanen gida, babu mai amsa. Makonni uku na ƙarshen rayuwarsa ina gefensa, ko alwala zai yi ni ke riƙe masa buta. Amma ya fita da ƙafarsa, ya je ya dawo, ban ji labari ba sai bayan ya rasu.

Ni ban yi boko ba. Surukata Bilkisu ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana ɗorawa a takarda, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni. Kuma ba daga Malam zan fara ba. Daga kakata zan fara, don a wurinta abin ya samo asali.

A Unguwar Shanu na tashi, lokacin da ake shuka masara tsakanin gida da gida. Kakarmu Iya Yalwa, mahaifiyar babanmu, Bakatsiniya ce, sana'arta ƙuli-ƙuli. Da an yi magariba ta sauke kasko, garwashi ya rage a murhu, sai mu kewaye ta, kowa da ɗan gutsuren da ya karye wajen suya. Har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa a wuta, sai in ga ƙafafunta a miƙe kusa da toka. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, “Kunnuwa sun zo, ko an baro su a waje?” Mu kuma mu ce, “Sun zo, Iya!”

Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai guda ɗaya da ba ta fito da ita sai hutu ya zo ƙarshe. Yayana Tanko ne ɗan makarantar gidanmu, kuma da an ce saura kwana biyu a koma, cikinsa ya soma ciwo ke nan. Tsoron bulala yake, yana ganin duk lissafin da ya koya ya zube. Iya ba ta taɓa ce masa namiji ba ya kuka ba. Sai dai ta tura itace cikin wuta, ta ɗauko labarin Kande.

Kande yarinya ce da ake aike kullum da safe ta ɗebo wuta a gidan wata tsohuwa, can ƙetaren fadama. Sai ta kwanta ciwo damina guda. Da ta warke ta ɗauki tsingaronta ta fita, ta tarar ciyawa ta rufe hanya. Ta tsaya a bakinta, ta ce hanyar nan ta manta da ni. Ta juyo gida babu wuta. Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Sai tsohuwar kazar gidan ta ce da ita, a nan Iya takan maƙe murya, “Ke Kande, wanda kika daɗe ba ki gani ba, haka za ki faɗo masa da sassafe da buƙatarki? Je ki da yamma, ba ki neman komai, ki gaishe shi.” Kande ta tafi da yamma. Ta ce, “Sannu tsamiya, ni ce Kande, gobe zan wuce.” Ta gaida suri, ta gaida dutsen bakin rafi, ta dawo. Da gari ya waye ta doso tsamiya, sai tsamiya ta ce, “Wuce Kande, mun san da zuwanki.” Suri ma ya faɗi haka, dutse ma haka. Ranar aka ci tuwo a gidansu.

“Ta ƙare,” in ji Iya. “Wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi murhu.”

Ba a bakin murhu abin yake tsayawa ba. Washegari bayan la'asar sai ta yafa gyale, ta kama hannun Tanko, su bi hanyar makaranta suna gaida rijiya da mangwaro da mai facin keke, har bakin ƙofa, su taɓa ta su juyo. Ni ina biye da su. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna, amma ban taɓa wuce ƙofar ba. Wata rana na ce, “Iya, ni fa yaushe?” Ta kama hannuna. Sannan ta ce, “Riƙe hanyar dai, Asabe. Wata rana ke za ki raka wani.”

Da na yi aure na ba Malam labarin nan, ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai guga da tsabta. Ya ce, “Wato in tsaya ina yi wa bishiya sallama, mutanen ofis su wuce su gan ni?” Amma ranar da ɗanmu na fari ya rungume ƙafar gado ya ce shi ba zai koma makaranta ba, Malam ne ya sa hula ya kama hannunsa. Haka ya yi wa 'ya'yanmu duka. Da ya yi ritaya muna nan Hayin Banki, sai ya koma kan jikarmu Hanifa, 'yar Bilkisu. Kullum shi ke kai ta, shi ke ɗauko ta. Yana ce mata amarya, tana ce masa tsoho.

A cikin dogon hutun nan Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Baban Hanifa a Kano yake aiki. Saura mako guda a koma makaranta, yarinyar nan ta cusa rigar makarantarta ƙarƙashin katifata, takalmi ɗaya kuma aka tsince shi a buhun shinkafa. Bilkisu ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Ni ta gaya wa gaskiya, tana kwance a cinyata. Ta ce, “Kaka, ba zan bi hanyar nan ba. Duk inda na duba shi zan gani, kuma ba ya nan.”

Bilkisu ta fara shawarar a kai yarinyar unguwar Doka wurin yayar ita Bilkisun, a sauya mata makaranta. Ban ga laifinta ba, ita ma aiki take zuwa. Amma Hanifa a ɗakina take kwana. In ta tafi, numfashin wa zan riƙa ji?

Ranar Asabar da magariba na ce a hura mini gawayi a tsakar gida. Bilkisu ta ce, “Hajiya, ga gas.” Na ce ba girki zan yi ba. Na zaunar da Hanifa, na ce, “Kunnuwa sun zo?” Ta kwanto a jikina. Na ba ta labarin Kande tun daga farko, har da muryar kaza.

Ta ce, “Na san shi. Tsoho ya ce shi ya ƙago shi.”

Na ce, “Allah ya jiƙansa, a wurina ya sace.”

Ta yi dariya, dariyarta ta farko ke nan tun rasuwar. Ta ce, “Ke za ki raka ni?” Na ce, “Babu halin fita, ƙawata. Mamanki za ta raka ki. Ba makaranta za ki ba, gaisuwa kawai, ki dawo ki ba ni labari.” Ta yi tunani, ta ce to, amma ba za ta sa rigar makaranta ba.

Lahadi bayan la'asar suka fita. Na zauna a bakin ɗaki da carbi, ban san me nake ja ba. Can sai ga Hanifa a guje, ƙosai a hannu, tana haki.

“Kaka! Hanya ta amsa!”

Bilkisu ta shigo bayanta ido ja-wur. Ita ta warware mini. Wai sun isa wurin mai ƙosai ta bakin kwalbati, Hanifa ba ta buɗe baki ba matar ta ce, “Wuce amarya, mun san da zuwanki.” Suka isa wurin mai faci, ya ajiye taya ya faɗi haka. Maigadin makaranta ma haka, har da miƙewa tsaye. Da Bilkisu ta tambaya, mai ƙosai ta ce Malam ne ya zo wata rana da hantsi yana dogara sanda, ya zauna a bencinta sai da numfashinsa ya dawo, sannan ya ce, in jikata ta zo ba tare da ni ba, ga abin da za ku ce mata. Ya sa ta maimaita sau biyu.

Litinin Hanifa ta tafi makaranta. Ta yi kuka kaɗan wajen ɗaura takalmi, amma ta tafi, kuma har yau a ɗakina take kwana.

Ina yarinya na ɗauka da gaske tsamiya ta yi magana. Da na girma na ce dabara ce kawai, ƙafa ce ke sabawa. Yanzu da furfura nake ganin hanya ba ta amsawa sai wani ya riga ka zuwa ya roƙar maka ita. Har na fara tunanin ko Iya ma takan leƙa wurin mai facin keke kafin ta kai mu. Na gode wa Allah da ya ba ni su biyun nan, Iya da Malam. Na gode wa mutanen da suka riƙe saƙon mamaci, alhali ba su haɗa komai da mu ba sai hanya.

Bilkisu, goge idonki ki rubuta wannan, shi ne na ƙarshe. Safiyar da zai rasu ya kama wuyan hannuna ya yi magana, na ɗauka zafin zazzaɓi ne, har na ce ya yi shiru ya huta. Bai sake ce mini komai ba bayan nan sai kalmar shahada da ya yi wa Ubangijinsa. Abin da ya ce da ni shi ne:

“Asabe, kada ki tayar da hankalinki kan makarantar amarya. Na riga na gaida hanya.”